Bindigar da Na Zaɓa wa Gida Daga Guangzhou

Hafsatu, Abba, da ke Ummi, kun taso kuna jin cewa Baffanku Sabi'u ne ya harbi Malam Tanimu tela. Haka garinmu ya sani, haka kuka ji a bakin dangi, ni kuma ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, na ga bai kamata in koma ga Allah in bar ku da rabin labari ba. Yatsan Sabi'u ne ya ja kunamar bindigar, wannan gaskiya ne. Sauran kuwa sai ku yi haƙuri ku karanta.

A shekarar ina zaune a Guangzhou, a unguwar Dengfeng, hawa na shida na wani bene marar lif, ƙasansa shagon gyaran waya ne da wani ɗan gidan abinci inda ake tuƙa mana tuwon shinkafa. Kullum tun da sassafe nake tafiya kasuwar Shahe in zaɓi wanduna da rigunan yara, a ɗaure mini su dila-dila, in kai wa Alhaji Mumuni ya loda a kwantena. Alhaji Mumuni mutumin zangon Kumasi ne, ya girme ni, shi ya riƙe ni tun zuwana na farko, har ɗakin da nake ciki shi ya nema mini. Guangzhou gari ne da mace za ta yi tafiya ita kaɗai da waya a hannu ba mai kallon ta. Ko bindigar wasa mai kama da ta gaske aka kama ka da ita a can, ka shiga uku. A cikin wannan kwanciyar hankalin ne na yi tsoron da ban taɓa yin irinsa ba, domin ku kuna gida, ɓarayin daji kuwa sun fara matsowa kusa da garinmu.

Da farko labarin ƙauyukan nesa muke ji. Sai aka ce sun kora shanu a bakin gulbi. Sai aka ce sun tare motar kasuwa sun shiga daji da mutum huɗu. Sai aka daina zuwa gonakin yamma. Tsakaninmu da gida sa'a bakwai ce, muna gaba, saboda haka duk abin da ya faru ina cikin ciniki yake iske ni. Na kai matsayin da in waya ta yi ƙara sai na fara duba lambar. In lambar gida ce, sai na yi salati kafin in ɗauka. In kuma ba a kira ba, shirun ya fi kiran tayar mini da hankali. Na rame har wata Basiniya da nake sayen kayan yara a wurinta ta tambaye ni da hannu ko ba ni da lafiya. A gidan akwai Inna, akwai mahaifiyarku, akwai ku ukun, Ummi ma ba a yaye ta ba. Namiji babba guda ɗaya ne, Sabi'u, malamin firamare, mutumin da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi maƙwabci.

Ni na fara kawo maganar bindiga, ba shi ba. Ina so ku riƙe wannan. Wata Juma'a bayan mun fito daga Masallacin Huaisheng, muna tsaye a bakin titi cikin cunkoson 'yan uwa, na gaya wa Alhaji Mumuni abin da ke raina. Kakansa maharbi ne, ya taso a gidan da ake rataye bindiga a bango. Ya amsa mini da Hausarsa ta zango wadda ba ta raba mace da namiji.

"Alaji, bindiga ba shi da ido. Wanda zai riƙe shi, ka san zuciyansa?"

Na ce, "Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ban ce jininsa ba. Na ce zuciyansa. In kana da hali, ka ɗauke iyalinka ka kai birni."

Na gwada hakan. Inna ce ta ƙi. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye ko a waya, sai dai ta gaya wa mahaifiyarku alhali ina ji.

"Gaya wa mutumin Caina, nan aka binne ubansu, nan za a binne ni. Ita kuma bindiga, ban ga gidan da ta shiga ta fita ba ta ci wani abu ba."

Mahaifiyarku ta ce ba za ta tafi ta bar tsohuwa ba. Sai na ga ba abin da ya rage mini. Mutum yana nesa, hannunsa bai kai ba, sai ya nemi wani abu ya ajiye a madadinsa. Na matsa wa Sabi'u har ya yarda. Ya yi ta zirga-zirga kan takardar izini wata da watanni, domin na ce ba za a shigo mini da abu gida ta bayan fage ba. Da takarda ta fito, ya tafi babban birnin jiha wajen dillalin da ke da lasisi, ya kira ni ta bidiyo. Ina zaune bakin gado a ɗakina na Dengfeng, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina kallon bindigogi uku a kan tebur ta cikin waya, hoton yana tsayawa yana tafiya.

Dillalin ya ɗaga mai baki ɗaya, ya ce wannan ba ta da nauyi, amma in ka harba sau ɗaya sai ka tsaya ka sake ɗurawa. Ya ɗaga mai baki biyu, ya ce wannan ta mafarauta ce, ba ta da wani sarƙaƙiya, karya ta za ka yi ka sa harsashi biyu ka rufe. Ta ukun, wadda ake ja kamar famfo, ya ce ta fi cin harsashi, amma takardarmu ba ta kai gare ta ba, kuma duk gidan da aka ji tana ciki ɓarayin kansu sukan zo nemanta. Ya ce harsashin irin waɗannan ba ƙwaya ɗaya ba ce, 'ya'yan dalma ne da ke watsuwa, ko wanda bai iya saiti ba zai sami abin da ke gabansa. Wannan maganar ce ta shiga kaina. Na zaɓi mai baki biyu kamar yadda nake zaɓen wando a Shahe, ina duba wadda za ta yi wa mai ita daidai. Sabi'u ya juyo da wayar fuskarsa, na ga gumi a goshinsa.

"Yaya, wallahi ko taɓa ta ba na son yi."

"Ba don ka harbi kowa ba ne. Don a san gidan ba a buɗe yake ba."

"To in sun zo fa?"

"In sun zo ka kira ni."

Haka na ce masa, ka kira ni, kamar ina bayan gida.

Sau ɗaya ya gwada ta, a gonar gabas, wani tsohon mafarauci ya nuna masa. Ya harbi tsohuwar garwa, gindin bindigar ya buge shi a kafaɗa ya yi kwana uku ba ya iya rubutu a allo. Aka ɗora ta kan kwaba a ɗakinsa, harsasan kuma mahaifiyarku ta kulle a akwatinta saboda Abba, wanda a lokacin ba abin da ba ya taɓawa. Inna ta daina wucewa ta ƙofar ɗakin. Ni kuwa na sami kwana biyu ina cin abinci, sannan tsoron ya dawo da sabon kaya. Yanzu ina tsoron ɓarayi, ina tsoron yaro ya hau kujera, ina tsoron wani ya kai labari daji cewa gidan Alhaji na Caina akwai bindiga.

Ranar da abin ya faru, Talata ce, ina Shahe. Kasuwar da wuri take tashi, wajen ɗaya da rabi na rana an fara jan ƙofofi, masu kura suna ta ihun a ba su hanya. Ina shagon Basiniyar nan ina neman wani launi na rigar yara, tana girgiza kai tana cewa meyo, wato babu. Sai waya ta yi ƙara. A gida gari bai daɗe da wayewa ba. Da na ɗauka, ban fara jin muryar Sabi'u ba, ƙarar babura na ji, da yawa, sannan harbi, irin wanda ba ya tsayawa. Sai muryarsa can ƙasa-ƙasa.

"Yaya, sun shigo. Suna bakin kasuwa."

Na zauna a kan wata dila a tsakiyar hanya. Na tambaye shi ina kuke. Ya ce Inna da mahaifiyarku sun shige da ku ƙuryar ɗaki sun tura gado a ƙofa. Na ce ina bindigar. Ya ce tana hannunsa, ya karɓo harsashi, ya ɗura. Na ce ya sa wayar a lasifika ya jefa a aljihun gaba, kada ya kashe. Daga nan duk abin da na sani ta kunne na san shi. Ina jin numfashinsa. Ina jin zuciyarsa ma, ko tawa ce, ban sani ba. Ina jin mata suna kururuwa daga nesa, ina jin kukan Ummi, sai kukan ya yanke, ashe mahaifiyarku ce ta toshe mata baki da nono. A gabana kuwa mutane suna wucewa da buhuna, wani yana cin taliya a tsaye, wani mai kura yana yi mini tsawa in ɗauke ƙafa.

Harbin ya matso. Sabi'u ya ce sun shigo layinmu. Na ce ya tsaya a tsakar gida inda zai ga ƙofar zaure da ta baya. Kun san ƙofar bayan nan ta langa-langa, wadda ke fita lungu. Can sai na ji an buge ta. Ba ƙwanƙwasawa ba, duka ne da kafaɗa. Aka sake. Sabi'u ya ce waye. Ba a amsa ba. Aka sake dukanta, na ji sakatar tana ƙara.

"Yaya, za su ɓalle ta."

"Su nawa ne?"

"Ba na gani. Yaya, ba na ganin komai, ƙofar a rufe take."

"Harba."

"Ban san ko waye ba."

"Sabi'u, 'ya'yana na ciki! Na ce ka harba! Harba!"

Da ƙarfi na faɗa, har mutanen layin suka tsaya suna kallona. Sai ƙarar ta zo ta cika mini kunne, wayar ta yi shiru na ɗan lokaci kamar ta mutu. Da sauti ya dawo, na ji wani yana nishi a bayan ƙofa yana salati. Na san muryar. Malam Tanimu ne, maƙwabcinmu na katanga ɗaya, wanda muka yi makarantar allo tare. Ya fito sallar asuba ya tsaya gaisawa da mutane, harbi ya rutsa da shi a waje, ya biyo lungu ya ga ƙofarmu ta fi kusa. Bai amsa ba saboda ɓarayin suna bakin lungun, yana tsoron su ji muryarsa.

Na ji Sabi'u ya yar da bindigar ya zare sakata. Na ji yana cewa innalillahi, yana jan mutum a ƙasa. Ina ta kiran sunansa ba ya amsawa. Basiniyar ta fito ta kama hannuna ta zaunar da ni a kujerarta, ta miƙo mini ruwan zafi a kofin takarda, tana ta magana ban fahimci ko ɗaya ba. Ɓarayin ba su shiga gidanmu ba. Wasu sun ce ƙarar ce ta sa suka wuce, wasu sun ce dama gidan mai kantin hatsi suka nufa, shi kuwa sun tafi da shi da matarsa. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, kuma na daina neman amsar da za ta sanyaya mini rai. Sai da hantsi ya yi aka sami motar da ta kai Malam Tanimu asibitin birni. Dalmar ta ragargaza masa hannun dama. Aka yanke hannun daga gwiwa.

Ban san yadda na koma Dengfeng ba. Alhaji Mumuni ya zo ya same ni a ɗaki, na gaya masa an yi harbi, an sami maƙwabci. Ban gaya masa abin da na ce ba. Bai tuna mini da gargaɗinsa ba, ya dai zauna tare da ni har magariba, ya ja mu salla. Kwana tara na yi kafin in sami barin ƙasar, kaya na kan hanya, takarduna suna wajen sabuntawa. A kwanakin nan ko ƙarar rufe ƙofar shago na ji sai in zabura. Na riƙa jiran Sabi'u ya faɗi gaskiya, ina tsoron ranar kamar yadda na ji tsoron ɓarayin. Hukuma ta tsare shi kwana biyu ta karɓe bindigar. Da aka tambaye shi, ya ce tsoro ne ya kama shi ya harba. Bai ambaci waya ba.

Da na iso gida na tarar gari ya gama yanke hukunci. Malami guda, ya harbi mutum bai gani ba. Iyaye suka fara cewa ba sa son mai jinin maƙwabci a hannu ya koyar da 'ya'yansu. Gidan da yake neman aure suka mayar da kayan gaisuwa. Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa da baki, sai da kai. Na same shi a ɗakinsa, ya zama kamar wani tsoho. Na fara magana ya tare ni.

"Yaya, bar shi. Kai ke riƙe da gidan nan. In sunanka ya ɓaci, da wa za a dogara? Ni na ja, ni na ja."

Na yi shiru, kuma na ji daɗin shirun. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Na ɗauki nauyin jinyar Malam Tanimu da na gidansa, mutane suka yi ta sa mini albarka, suna cewa ga wa nagari yana gyara ɓarnar ƙanensa. Kafin shekara ta zagayo Sabi'u ya nemi canjin wurin aiki ya koma Zariya. Abin da ya sa kuka taso ba ku san shi sosai ba ke nan. Ba gudun dangi yake yi ba, kamar yadda na ji Hafsatu ta taɓa faɗa. Daga baya Inna da kanta ta ce a kai ta birni, muka tashi gaba ɗaya, ni kuma na koma Guangzhou na ci gaba da ciniki, ina salla a sahun gaba.

Sai bayan rasuwar Inna na iya zuwa wajen Malam Tanimu da niyyar faɗa. Na same shi da hantsi a ƙofar shagonsa, ɗansa na kan keken ɗinki, shi kuma yana auna yadi da hannun hagu, ya danne ɗaya gefen da dungulmin. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini tabarma. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce masa akwai abin da bai sani ba game da ranar nan. Ya ajiye awon ya dube ni.

"Alhaji, na sani. Ƙofar langa-langa ce. Na ji Sabi'u ya ce bai san ko waye ba. Na ji ka ce ya harba, sau uku. Na buɗe baki zan ce ni ne, ban kai ga faɗa ba."

Na ce, "Shekara nawa ke nan, Malam, ba ka gaya wa kowa ba?"

"Ba nawa ba ne in faɗa. Ni na yafe tun ina gadon asibiti, da ni ne a nesa 'ya'yana na ciki, ban san me zan ce ba. Hannu kuwa ya riga ya tafi. Amma yaron can yana ɗauke da kayan da ba nasa kaɗai ba. Shi za ka sauke wa, kuma a gaban mutane aka ɗora masa."

Na yi masa alkawari. Na hau mota na dawo, na ce sai bayan salla, sannan na ce sai an yi bikin Hafsatu kada a ɓata mata taro, sannan na ce sai na sami sauƙi. Malam Tanimu ya rasu bara ban cika ba. Na je jana'izarsa, na hango Sabi'u a ƙarshen sahu, ya zo daga Zariya ya tsaya can baya inda ba za a gan shi ba, har yanzu akwai masu nuna shi da baki.

Abba, kai ne namiji, kuma muryarka ta fi tawa ƙarfi yanzu. Ran sunan ɗan Hafsatu dangi duka za su taru, na aika wa Baffanku na ce lallai ya zo, na kuma gayyaci 'ya'yan Malam Tanimu. Bayan an yi addu'a, kafin a watse, ka miƙe ka karanta wannan takardar daga farko har ƙarshe. Kada ka tsallake inda na ce ya harba. Zan zauna kusa da kai. In Baffanku ya tashi zai hana ka, ka ce masa ni na ce ya zauna.